Dolly Parton da waƙoƙinta 30, daga bakin keken ɗinki a Garwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau dai ba zancen ɗinki zan yi ba, ba kuma kukan tsadar atamfa ba, zancen wata tsohuwa ce 'yar Amurka mai suna Dolly Parton da albam ɗin da ta fitar ranar 17 ga Nuwamba 2023, sunansa Rockstar, lokacin tana da shekara 77 a duniya. Waƙa 30 ne a ciki, ya haura awa biyu, kuma yawanci ba ita kaɗai ta rera ba, manyan mawaƙan rok ta gayyato ɗaya bayan ɗaya suka yi tare, alhali ita duk duniya da kantiri aka san ta, irin kiɗan nan da iyayenmu ke ce wa waƙar kaboyi.

Abin da ya fara kama ni ma ba waƙoƙin ba ne, dalilin yin albam ɗin ne. Akwai wani gidan tarihi a birnin Cleveland da ake kira Rock and Roll Hall of Fame, duk shekara suna zaɓar mawaƙan da za su karrama su sa sunansu a ciki, kuma a wajen masu kiɗan rok babu girman da ya wuce wannan. To a farkon 2022 sai suka sa sunan Dolly cikin waɗanda za a jefa wa ƙuri'a. Ita kuwa a watan Maris ta fito fili ta ce ta gode amma don Allah a cire sunanta, ba ta jin ta cancanta tunda ba ta taɓa yin albam na rok ba, kuma ba ta so saboda ita ƙuri'u su rarrabu wasu su rasa. Masu gidan suka ce ai takardun zaɓe sun riga sun fita, sunanta na nan daram. Aka yi zaɓe ta samu, ta haƙura ta karɓa, a watan Nuwamba na shekarar aka yi bikin a Los Angeles. Amma fa ba ta karɓa ta koma gida ta kwanta ba, cewa ta yi tunda an ba ta to dole ta yi aikin da zai sa ta ci halaliyarta, ta shiga situdiyo, bayan shekara ɗaya sai ga Rockstar.

Wallahi wannan hali ya burge ni ƙwarai. Mu nan kun san yadda abin yake, mutum zai bi ta kowace ƙofa don a kira shi a ba shi lambar yabo ko a naɗa masa rawani, ranar da aka ba shi kuwa ranar aiki ya ƙare, saura hotuna a Facebook. Ita wannan matar ta rubuta waƙoƙi dubbai, tana da kuɗin da jikokin danginta ba za su cinye ba, ba wanda zai ce mata don me in ta zauna, amma ta ji nauyin a kira ta da sunan da ba ta yi wa gumi ba. Da wannan tunanin na saurari albam ɗin, shi ya sa ko inda bai min daɗi ba ban iya raina shi ba.

Wataƙila yaran yanzu su ce to ke ina kika san ta ma. A motar Baba na san ta, Allah ya jiƙansa. Direban kamiyo ne, yana ɗaukar auduga daga nan Garwa a arewacin Kamaru ya kai Ngaundare inda jirgin ƙasa ke tsayawa, wani lokaci kuma kaya su kai shi arewa ta Marwa har Kusiri ya tsallaka Njamena. Yana da wani gwangwanin madara babba a ƙarƙashin kujera cike da kaset, akwai Shata, akwai Ɗan Maraya, akwai karatun Alƙur'ani da yake sawa da asuba, sai kuma Don Williams da Kenny Rogers da Dolly. In ya dawo daga tafiya aikina ne in zazzage gwangwanin a kan tabarma in goge ƙura da tsumma, wanda zarensa ya fito in zura biro a ramin in yi ta juyawa a hankali har ya koma, shi yana kishingiɗe yana shan shayi yana ce min a hankali dai 'yar Baba kar ki tsinka min. Baba bai jin Ingilishi ko kalma ɗaya, Faransanci ma na hanya ne kawai, na gaisawa da jandarma, amma yakan ce waɗannan mutanen in suna waƙa kamar suna ba ka labarin gidansu ne, ba sa ihu, kuma kiɗan yana tafiya daidai da mota mai nauyi. In ya ji banjo sai ya ce ai wannan gurmi ne, kuma bai yi ƙarya ba, asalin banjo daga kayan kiɗan da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka tafi da iliminsu ne. Ba Baba kaɗai ba ne fa, ku tambayi duk wani tsohon direba ko tela ko mai gyaran rediyo daga nan har Jos, kuma ba a yankin nan kaɗai ba, Don Williams har Harare ya je ya yi wasa a 1997 saboda yawan masoyansa a Afirka.

Sai da na girma na samu mai fassara min na gane ashe Baba gaskiya ya ji. An haifi Dolly a 1946 a cikin duwatsun jihar Tennessee, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, gidan katako mai ɗaki ɗaya, talauci iya talauci, har likitan da ya karɓi haihuwarta da buhun garin masara aka biya shi. Mahaifinta manomi ne bai iya karatu da rubutu ba, saboda shi ne ma ta kafa wani shiri a 1995 na aika wa ƙananan yara littafi kyauta duk wata, yanzu littattafan da aka raba sun wuce miliyan 200. Waƙarta da ta fi zama min a rai ita ce Coat of Many Colors ta 1971, kuma duk tela zai gane dalili. Labarin yadda aka ba su tsummokara ne a kwali, sanyi ya shigo ba ta da rigar sanyi, mahaifiyarta ta zauna ta harhaɗa ƙyallayen nan kala-kala ta ɗinka mata riga tana ɗinki tana ba ta labarin Annabi Yusuf kamar yadda ya zo a littafinsu, yarinya ta saka ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi ta mata dariya. Ni da nake tara ragowar yadi a buhu, kuma na san matan kartiyenmu da ke zuwa da yamma a ɓoye su ce Adda ko akwai 'yan ƙyallaye in haɗa wa yarinya na sallah, ba na iya jin waƙar nan ban tsayar da keke ba.

Waƙar mutum biyu kuma ba baƙon abu ba ne a wajenta, da shi ta tashi. Daga 1967 ta yi shekara bakwai tana waƙa da Porter Wagoner a shirinsa na talabijin, da ta tashi barinsa ne ta rubuta I Will Always Love You don yi masa sallama, waƙar da Whitney Houston ta sake rerawa a 1992 har mutane da yawa suka ɗauka tata ce. A 1983 ta yi Islands in the Stream da Kenny Rogers, wadda 'yan Bee Gees suka rubuta, wannan kam ko a gidan biki na nan Garwa an sha sa ta. A 1987 kuma suka haɗu su uku da Linda Ronstadt da Emmylou Harris suka yi albam guda. Don haka ta san yadda ake ba abokin waƙa wuri, ta san lokacin da za ta ja baya ta koma 'yar amshi da lokacin da za ta karɓe, kuma wannan ilimin shi ne ya riƙe Rockstar a wuraren da ya tsaya da ƙafarsa.

A atiliye na saurare shi, a ɗan bafle ɗin da ke kan tebur kusa da dutsen guga, guntu-guntu saboda kuran na zuwa yana tafiya kuma masu kawo ɗinki ba sa barin mutum. Cikin waƙoƙi 30 ɗin, 9 nata ne, 21 kuma tsofaffin waƙoƙin rok ne da ta sake, kuma abin sha'awa sau da yawa mai waƙar na asali ta kira suka yi tare, Sting ya zo a kan Every Breath You Take, Elton John a kan tasa, Debbie Harry, Joan Jett, Peter Frampton, Steve Perry, ga Stevie Nicks da Steven Tyler da Pink da Sheryl Crow, har da Rob Halford na Judas Priest mai kiɗan nan mai ƙarar tsiya da ba wanda zai taɓa zaton zai tsaya kusa da ita. Amma wadda ta sa na ajiye almakashi ita ce Let It Be. Paul McCartney ne a kan fiyano yana waƙa, Ringo Starr a kan ganga, su biyun nan su ne suka rage a 'yan Beatles, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan nan huɗu ta Ingila, tunda an kashe John Lennon a 1980 George Harrison kuma ya rasu a 2001, a lokacin Paul na da 81 Ringo na da 83 ita 77. Paul ya rubuta waƙar ne bayan ya yi mafarkin mahaifiyarsa da ta rasu yana ɗan shekara 14, ta zo tana kwantar masa da hankali. Muryarsa ta tsufa, tana ɗan rawa, ba a ɓoye ba, ita kuma Dolly ba ta danne shi ba duk da tata muryar ta fi ƙarfi, tana shiga ta ƙarƙashinsa ta tallafe shi sannan ta hau. Ɗaya daga cikin yaran da ke koyon ɗinki a wajena, wadda ba ta san Beatles ba ba ta san kowa ba, ta ɗago kai daga kan aljihun da take kafawa ta ce Adda waɗannan tsofaffi ne ko, na ce eh, ta ce shi ya sa, kamar masu yi wa juna ta'aziyya.

Bayan ita sai Long As I Can See the Light da John Fogerty, mutumin da muryarsa ke da kaushi, waƙar matafiyi ce da ke roƙon a bar masa fitila a taga don ya ga hanyar dawowa, 'yar direba ba sai an yi mata bayani ba. Purple Rain ta Prince ita kaɗai ta yi tunda shi ya rasu a 2016, kuma a nan ne za ka ji cewa a coci ta koyi waƙa, kakanta mai wa'azi ne, ta ja waƙar ta mai da ita kamar addu'a. Wrecking Ball kuma da Miley Cyrus suka yi, wadda take kamar 'ya a wajenta tun tana jaririya, can wajen ƙarshe suka saƙa I Will Always Love You a ciki, tsohuwa da yarinya kowa ta kawo nata aka haɗa, nan ma tsigar jikina ta tashi. Sai wata da mutane ba su cika ambata ba, My Blue Tears, tsohuwar waƙarta ce tun 1971 ta ɗauko ta ba Simon Le Bon na Duran Duran suka yi, wato a nan shi ne ya zo wajenta, kuma a kunnena tana cikin mafi daɗi a albam ɗin gaba ɗaya.

To amma gaskiya ɗaya ce, albam ɗin ya yi tsawo kuma ba duka ne ya zauna ba. Mu teloli mun san in za ka haɗa yadi biyu, ka ce shadda mai nauyi da leshi mara nauyi, ba jera su kawai za ka yi ka bi da keke ba, sai ka rage wa wannan ka ƙara wa wancan, ka sa masa wani abu a ciki ya riƙe shi, in ba haka ba ɗinkin zai tattare, mai nauyin ya ja mara nauyin, daga nesa ya yi kyau amma wanda ya saka ya san ba daidai yake ba. Haka na ji a wasu waƙoƙin. An ɗauko kiɗan yadda yake tun asali, jita ɗaya, ganga ɗaya, ba a taɓa komai ba, sai kawai aka ɗora muryarta a kai, kiɗan ya yi mata nauyi yana janta. Satisfaction ta Rolling Stones da ta yi da Pink da Brandi Carlile akwai nishaɗi, ka ji mata uku suna jin daɗin kansu, amma in ta ƙare ba abin da ya rage maka. We Are the Champions ma haka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san za ta iya fiye da haka, don Stairway to Heaven ta Led Zeppelin da ke cikin albam ɗin nan, wadda Lizzo ta busa mata sarewa, ai ta taɓa yin ta a 2002 da kayan kiɗan duwatsunsu, banjo da goge irin nasu da 'yan amshi, ta mai da ita tata har ka manta ta wasu ce. Waccan ta 2002 ta fi wannan nesa ba kusa ba. Ina ganin girmamawar da take yi wa masu waƙoƙin ce ta yi yawa har ta hana ta taɓa musu kaya, tana tsoron kar a ce 'yar kantiri ta zo ta ɓata rok, alhali abin da muke so mu ji kenan, yadda rok zai fito daga bakin 'yar kantiri.

Hammana da ke aiki a Yawunde ya zo hutu ya tarar ina ji, shi kuma ɗan rok ne tun yana lise, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki ya saurari kamar huɗu ya ce ƙanwata wannan ai kasuwanci ne kawai, an tara manyan sunaye don kowa ya jawo masoyansa su saya, kuma a zamanin nan ba sai mawaƙa sun haɗu ba, kowa zai yi nasa a garinsu ya turo ta intanet injiniya ya haɗa. Na ce Hamma ban musa maka ba, matar nan 'yar kasuwa ce ta gaske kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ita ce fa Elvis Presley ya so ya rera I Will Always Love You, manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar, ta ce a'a duk da tana mutuwar son ta ji waƙarta a bakin Elvis, kuma da Whitney ta rera daga baya kuɗin haƙƙin mallakar gaba ɗaya gidan Dolly ya nufa. Rockstar ma ya yi kasuwa, ya hau na 3 a Billboard 200, babban jerin albam ɗin da suka fi tashe a Amurka, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba duk tsawon shekarunta na waƙa. Amma neman kuɗi da yin abu da zuciya ɗaya ba sa hana juna, ni ma kuɗi nake karɓa in na yi ɗinki kuma hakan bai hana ni kwana ina tunanin wuyan rigar amarya ba. Sannan akwai abin da bai sani ba na gaya masa, mijinta Carl Dean da suka yi aure tun 1966, mutumin da ya ƙi yarda duniya ta san fuskarsa, ba ya zuwa wasanninta ba ya hira da 'yan jarida, shi masoyin rok ne na gaske, kuma ta sha faɗa cewa da shi a ranta ta zaɓi da yawa cikin waƙoƙin. Ya rasu a watan Maris 2025 yana da shekara 82. Kenan ta samu ta yi masa irin kiɗan da yake so yana raye ya ji da kunnensa, bayan kusan shekara 60 yana zaune da mai kiɗan da ba nasa ba. Hamma ya yi shiru, can ya ce to wannan kuma daban, amma dai waƙa 30 ta yi yawa, na ce a nan kam bakinmu ɗaya.

Waƙar ƙarshe Free Bird ita ce ta bar ni da damuwa. Ta ƙungiyar Lynyrd Skynyrd ce, kuma mai rera ta na asali Ronnie Van Zant ya mutu a haɗarin jirgin sama tun 1977, sai aka ɗauko tsohuwar muryarsa da aka naɗa aka haɗa da tata kamar suna tare, ga kuma jitar Gary Rossington ɗan ƙungiyar, wanda shi ma ya rasu a watan Maris 2023 kafin albam ɗin ya fito. Daɗi kam akwai, kuma da yardar iyalinsa aka yi, amma ni raina bai kwanta da a sa mamaci waƙa da wanda bai taɓa cewa ya yarda ba. Daɗin waƙar mutum biyu ai shi ne kowa na jin ɗan'uwansa yana ba shi amsa, shi kuwa wannan ba ya jin ta.

Duk wannan ya sa na koma tunanin namu na gida, don ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga irin wannan aiki. Manu Dibango, babban mawaƙin nan namu na Kamaru, ya yi shi a 1994 da albam ɗinsa Wakafrika, wanda hotonsa ke kan bango ya tsaya da siffar taswirar Afirka, ya tara Youssou N'Dour da Salif Keita da King Sunny Ade da Angelique Kidjo da Papa Wemba da Ladysmith Black Mambazo har da Peter Gabriel, suka sake manyan waƙoƙin nahiyar nan, kuma shi Manu bai ji tsoron taɓa su ba, ya juya su yadda ya ga dama, a nan kam ya fi Dolly ƙarfin hali. Ikon Allah, shi da Kenny Rogers kwana huɗu ne tsakaninsu, Kenny ya rasu 20 ga Maris 2020 Manu kuma 24 ga wata, na tuna yadda tsofaffin kartiyenmu suka yi ta jimami a makon nan kamar an yi musu rashi biyu a gida ɗaya. A nan arewa ma marigayi Ali Baba ɗan Garwa ya ɗauki kiɗan gargajiyarmu ya haɗa da kayan zamani ya kai shi har kudu da ƙetare, Isnebo da ƙungiyarsa Faadah Kawtal suka biyo da Fulatanci. To daga nan fa? Yaranmu na yanzu suna kolabo kullum, ban hana ba, amma duk da sa'anninsu suke yi, mai irin kiɗanka mai irin shekarunka, kwamfuta ɗaya ke buga musu duka. Waƙoƙin fim na Kano da muke ji dare da rana su ma mace da namiji ne ke amsa wa juna, amma kusan kullum zancen ɗaya ne kiɗan ɗaya.

Alhali a garin nan kaɗai Allah ya tara mana abin da wasu ƙasashe ba su da shi. Ga masu algaita da kakaki na fadar Lamiɗo, ga masu kalangu na mahauta, ga masu goge da garaya, ga matan da ke kiɗan ƙwarya a gidan suna, ga Tupuri da rawarsu ta gurna, ga mutanen duwatsun Mandara da sarewarsu, ga 'yan kudu da suka zo da makosa da bikutsi, ga 'yan Chadi da ke shigowa da nasu, duk muna cin kasuwa ɗaya muna hawa moto ɗaya amma ba ma waƙa tare. Tsofaffin kuma tafiya suke yi. Barmani Choge ta rasu a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, ku yi tunanin da a ce wani ya zaunar da Barmani da wata yarinya mai murya daga Marwa ko Duwala an yi albam guda na gaske, ba don talla ko siyasa ba. Akwai wata tsohuwa a bayan layinmu da in ta ɗauki ƙwarya a gidan biki mata har kuka suke yi, ba wanda ya taɓa naɗar muryarta sai a waya cikin hayaniya, kuma situdiyo nawa ne a garin nan yanzu. Ba kuɗin Dolly ake buƙata ba, yaro ɗaya ake buƙata mai kunnen ji da ladabin da zai je ya durƙusa ya ce Goggo don Allah ki zo mu yi waƙa tare, ki yi taki yadda kika saba ni zan bi ki, kuma in an samu wani abu a raba da ita tsakani da Allah, a rubuta sunanta.

Wanda ke son ya ji Rockstar kuma megansa ba su da yawa, kar ya wahalar da kansa da duka 30 ɗin. Ya fara da Let It Be, sai ta John Fogerty, sai My Blue Tears, Purple Rain da Wrecking Ball, in da saura ya nemo Stairway to Heaven ta 2002 ya jera ta da ta 2023 ya ji bambancin da kunnensa. 'Yan Garwa kuma duk wanda ya biyo ta atiliye da wayarsa zan tura masa ta Xender, amma ban da makon sallah don Allah, lokacin ko gaisuwa da kyar nake amsawa. In kuma akwai mai situdiyo da ke karanta wannan kuma maganar tsohuwar nan ta bayan layinmu ta shiga ransa, ya yi min magana, ni zan raka shi har gidanta in fara yi mata bayani da kaina.